Yadda Ake Gane Tsofaffin Kayan Gyaran Motocin Dauri

A garuruwa irin su Gumel, Ringim, Dambatta da Rano, akan buɗe ɗakin ajiya a gidan wani tsohon direba ko bakanike a tarar da akwatin ƙarfe cike da sifanoni da wasu ƙarafa da tsatsa ta rufe, waɗanda babu wanda ya san aikinsu a cikin magada. Galibi 'yan gwangwan ne suke kwashe su a kan kilo, alhali kuwa akwai mai tsohuwar Land Rover ko Peugeot 404 da yake neman irinsu ruwa a jallo. Kafin a ɗora su a sikeli, ya kamata a san ko mene ne kowanne, kuma wace mota aka ƙera shi dominta.

Da farko a jiƙa ƙarafan a kananzir kwana ɗaya ko biyu, sannan a goge su a hankali da burushin waya. Kada a kai su wurin mai injin wasa wuƙa, domin dutsen zai cinye rubutun da aka buga a jikinsu, kuma wannan rubutu shi ne shaidar da ake nema. Idan ya dusashe, a shafa masa alli a share da yatsa, farin da ya maƙale a cikin ramukan zai fito da haruffan.

Lambar da ke jikin sifana ita ce take ruɗar mutane. Wadda aka rubuta wa 10, 13 ko 17 kawai, faɗin bakinta ke nan a milimita, kuma ita ce ta motocin Faransa da Jamus, wato su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da Volkswagen da Mercedes. Wadda kuwa ke ɗauke da 7/16 AF ko 1/2 AF, faɗin bakin ne a inci. Amma idan aka ga harafin W, lissafin ya sauya, domin wannan ma'aunin Joseph Whitworth ne, wanda ya tsara a Ingila a 1841, kuma lambar tana nuna kaurin ƙusar da notin yake hawa, ba ta nuna faɗin bakin sifanar. Shi ya sa wadda aka rubuta wa 1/4 W bakinta ya haura rabin inci, kimanin milimita 13.3. Sau da yawa za a ga an ƙara 5/16 BS a gefen wannan lamba, kuma duka biyun baki ɗaya suke nufi.

Ke nan akwai sifanoni uku da ido ba ya rabewa: 1/2 AF mai milimita 12.7, da mai lamba 13, da 1/4 W. Noti kuwa yana rabe su, domin da zarar an ɗora masa wadda ta fi shi, kusurwoyinsa za su lalace. Idan lambar ta goge, a gwada da sabon noti mai lamba 13. Idan ya ƙi shiga, AF ce, idan kuwa ya shiga yana ɗan girgiza, ko dai Whitworth ce ko kuma bakin ya buɗe saboda tsufa. Mai tsohuwar Land Rover, motar da aka fara ƙerawa a 1948, yana bukatar nau'in inci biyun, wato AF da Whitworth, saboda bayan yarjejeniyar da Ingila da Amurka da Kanada suka ƙulla kan ma'auni guda, kamfanonin Ingila a hankali suka riƙa sauyawa, har mota ɗaya takan zo da noti iri biyu. Ƙananan sifanoni masu 2BA ko 4BA na kayan wuta ne, kuma a nan mai babbar lamba ita ce ƙarama.

Sunan kamfani ma yana nuna asali. King Dick da Britool na Ingila ne, Gedore da Hazet na Jamus, Facom na Faransa. Ƙarfen da aka buga wa West Germany an ƙera shi ne tsakanin 1949 da 1990, lokacin da ƙasar take rabe biyu. Alama mai layi uku kamar sawun kaza tana nufin kayan gwamnatin Birtaniya ne, kuma sau da yawa akan buga shekara a kusa da ita.

Sauran ƙarafan da siffarsu ake gane su. Dogon ƙarfe mai lanƙwasa biyu yana iya zama ɗaya daga cikin uku, sai a duba bakinsa: idan ɗan guntun ƙarfe ne ya gitta shi, na tayar da inji ne da hannu, idan rami ne mai kusurwa shida, na kwance notin taya ne, idan kuwa ƙugiya ce ko baki mai kusurwa huɗu, na juya jak ne. Sandar katako mai robar tsotsa a baki ta wasa bawul ce, ana murza ta tsakanin tafin hannu biyu kamar yadda ake kaɗa miyar kuka da maburgi. Abin da ya yi kama da wuƙa mai ninkewa, mai siraran ganyayen ƙarfe, na auna tazarar bawul da fulogi ne. Lambobi irin 10, 15 da 25 kaso ne cikin dubu na inci, 0.15 da 0.40 kuwa milimita ne. Gajeriyar sifana mai rami kusurwa huɗu ta daidaita birki ce. Dunƙulen jan ƙarfe mai ƙota, wanda ake dumama shi a garwashi, na liƙe lagireto ne da dalma.

A kusan kowane akwati za a samu ƙarfen da babu suna babu lamba, sai sawun guduma. Wannan aikin maƙeran gida ne, kamar ƙarfen cire taya da ake ƙerawa daga ganyen sifirin mota, kuma a ganina bai kamata a raina shi ba, domin bakaniken ya sa an ƙera masa ne saboda wani noti da ya gagari sifanar kanti. Abin da ya shige duhu a kai shi gaban dattawan kanikawa a tasha ranar kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa idan an shiga Kano, kuma a tafi da akwatin gaba ɗaya, saboda ƙarfe ɗaya yakan bayyana aikin ɗan'uwansa. Bayan an gane kowanne, a shafa masa baƙin mai, a ɗaure na inci daban, na milimita daban, a ajiye su nesa da ƙasa saboda danshin damina.