Takardar Likita a Neman Diyyar VA: Inda Tsofaffin Sojoji Suka Fi Yin Tuntuɓe

Tsohon sojan Amurka da ke neman diyya a kan ciwon damuwa, fargaba ko PTSD (ciwon ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan mummunan tashin hankali), dole ya gamsar da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, a kan abu uku: yana da ciwon a yanzu, wani abu ya same shi lokacin da yake cikin kaki, kuma wancan abin ne silar ciwon. Na ukun nan shi ne wuyar aiki, kuma galibi ra'ayin likita ne ke tabbatar da shi. Sau da yawa likitan ƙwararre ne, ya kuma san majiyyacinsa sarai, amma takardar da ya rubuta ba ta amsa tambayar mai yanke hukunci ba.

Kuskuren farko yana cikin lafazi. Likitoci sun saba da taka-tsantsan, sai ka ga an rubuta "mai yiwuwa ne aikin soja ya jawo ciwon". A wurin VA wannan hasashe ne, domin abin da zai yiwu, zai kuma yiwu ba haka ba ne. Kotun tsofaffin sojoji ta faɗi haka tun 1993 a shari'ar Obert. Doka ba ta neman tabbaci ɗari bisa ɗari. Idan hujjoji suka yi kusan kunnen doki, soja ake ba gaskiya. Don haka abin da likita zai rubuta ƙarara shi ne, yiwuwar alaƙar ta kai kashi 50 cikin ɗari ko sama da haka.

Amma wannan jimla ita kaɗai ba ta biyan buƙata, kuma a nan ne aka fi yin asara. A shari'ar Nieves-Rodriguez ta 2008, kotu ta ce nauyin ra'ayin likita yana cikin dalilan da ya kawo ne. Ɗauki misalin takarda mai layi biyu: "Majiyyacina yana fama da PTSD sakamakon aikin da ya yi a Iraƙi." Sa hannu, hatimi, shi ke nan. Idan likitan VA ya rubuta shafi guda yana bayanin akasin haka, nasa za a ɗauka. Takardar da ke tsayawa da ƙafarta ita ce wadda ta ce: bam ya tashi da ayarin motocinsu a wata kaza, bayan wata biyu fayil ɗin asibitin soja ya nuna ya nemi maganin barci, rahoton kwamandansa, wanda a da yabo ne, ya koma ƙorafin makara da faɗa, alamomin da yake da su yau irinsu ne, ga kuma yadda ilimin likitanci ya bayyana hakan.

Kada likita ya kau da kai daga abin da ke yi wa ƙarar illa. In mutum ya yi shekara goma bai je asibiti ba bayan sallama, ko aurensa ya mutu, ko ya rasa aiki a tsakani, mai yanke hukunci zai gani ko an ambata ko ba a ambata ba. Gara likitan ya tare shi: ya bayyana cewa gudun tuna abin da ya faru yana cikin alamomin PTSD, kuma mutuwar auren sakamakon ciwon ce, ba silarsa ba, in haka abin yake. A shari'ar Buchanan ta 2006, kotun tarayya ta hana a ƙaryata shaidar soja don kawai babu takardun asibiti na wancan lokacin. Shaidar mata, ɗan'uwa ko abokin aikin soja a fom 21-10210 tana cike wannan giɓi.

Sai kuskuren tarihi. Likita ya rubuta abin da majiyyaci ya faɗa masa da ka, shekara ta saɓa, ko ya ce ya yi yaƙi alhali takardar sallama DD214 ba ta nuna ya je fagen daga ba. Ra'ayin da aka gina a kan bayanin da ba daidai ba, ba shi da wani nauyi. Maganin abin mai sauƙi ne: ka nemi kwafin fayil ɗinka da fom 20-10206, ka miƙa wa likitan, shi kuma ya ambaci takardun da ya duba.

Wasu kuma suna kafewa sai PTSD ko ba komai. Ba dole ba ne. Ciwon damuwa, fargaba da PTSD duk ma'auni ɗaya ake auna tsananinsu da shi don ƙayyade diyya, kashi 0, 10, 30, 50, 70 ko 100, kuma ba a biya sau biyu a kan alamomi iri ɗaya. Sharaɗin dai shi ne tantance ciwon ya dace da littafin DSM-5, jagorar likitoci ta tantance cututtukan ƙwaƙwalwa. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: sassaucin da aka yi a 2010, wanda ya yarda da tsoron harin abokan gaba a matsayin silar PTSD ba tare da takardar shaida ba, yana aiki ne idan likitan ƙwaƙwalwa na VA, ko wanda VA ta ɗauka kwangila, ya tabbatar. Likitanka na waje ba zai iya cika wannan sharaɗi ba.

Wannan ya kawo mu gwajin C&P, wato ranar da likitan VA zai zauna da kai ya auna ciwon don diyya. Soja an horar da shi ya cije, ɗanmu kuma da ya shiga rundunar Amurka ya taso da tarbiyyar da ko a gadon asibiti aka gaishe shi, amsarsa "lafiya lau". Ya yi wanka, ya goge kaya, likita ya tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi. Duk wannan yana shiga rahoto. Alhali kason da za a ba shi ya rataya ne a kan yadda ciwon ya taɓa aikinsa da zamansa da mutane. Firgita sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka tana cikin alamomin kashi 30. Fiye da sau ɗaya a mako tana cikin na kashi 50. To ka ga "wani lokaci nakan firgita" ba amsa ba ce. A faɗi adadi: sau nawa a mako, awa nawa ake barci, kwana nawa aka fasa zuwa aiki a wata, yaushe rabon da a je taron suna ko a zauna cin abinci da iyali. Tunanin kashe kai, ko da babu shiri, a faɗe shi; shari'ar Bankhead ta 2017 ta nuna shi kaɗai yana iya kai mutum kashi 70, kuma mai irin wannan tunani a Amurka ya kira 988 ya danna 1. Ƙarin gishiri ma illa ne, don akwai gwaje-gwajen da ke gano shi, kuma da zarar an rubuta cewa kana zuzutawa, sauran maganarka ta raunana. Rashin zuwa gwajin ba tare da uzuri ba kuwa, a neman ƙarin kaso, kai tsaye ake ƙin buƙatar.

In damuwar ta samo asali ne daga ciwon da VA ta riga ta amince da shi, kamar ciwon baya, likita ya amsa tambaya biyu: ciwon bayan ne ya haifar da ita, ko ya ƙara tsananta ta? Amsa ɗaya ba ta isa ba.

Bayan an ƙi buƙata, wasu sukan biya kuɗi a rubuta musu sabuwar takarda mai kyau, sannan su cike fom 20-0996 na neman babban jami'i ya sake dubawa. A wannan hanya ba a karɓar sabuwar hujja, jami'in ba zai yi la'akari da takardar ba. Sabon ra'ayin likita da fom 20-0995 yake tafiya, kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya daga ranar hukunci, domin lissafin kuɗin baya ya ci gaba daga ranar da aka fara nema.