Kasuwa a Cikin Ɗaki: Kurakuran da Ke Karya Jarin Uwa Mai Sayar da Kaya ta Waya

A shekarata ta farko ina sayar da atamfa da mayafai ta WhatsApp, kaya suna fita, alhamdu lillahi. Duk wadda ta ga sitatus ɗina sai ta ce kasuwa ta karɓe ni. Amma da watan Sha'aban ya kama, na shirya komawa Kantin Kwari sarin kayan Sallah, na duba asusuna na tarar abin da ke ciki bai kai rabin jarin da na fara da shi ba. Ba a yi mini sata ba, ba a damfare ni ba. Na zauna a bakin gado ina bin tarihin asusun layi-layi: gas ya ƙare an cika, kuɗin tara na yara, maganin zazzaɓi, gudummawar bikin ƙanwar maigida, kifi ranar da cefane bai kai ba. Kowanne ƙaramin abu ne, kuma kowanne na ce zan mayar.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne cin jari, kuma ya fi kama mu masu sana'a a gida, domin mai shago a kasuwa yana rufe ƙofa ya tafi, ke kuwa shagonki da kicin ɗinki da ɗakin barcinki duk a wuri ɗaya suke. Iyayenmu da suka yi ƙuli-ƙuli da dillanci a cikin gida sun fi mu gane wannan. Kuɗin sana'a gwangwaninsa daban, kuɗin cefane daban, har maigida idan yana son abin da matarsa ke sayarwa saye yake yi. Waya ce ta zo ta haɗe mana komai a asusu ɗaya.

Gyaran ba shi da wuya. Ki buɗe asusu na biyu, ko a banki ko a OPay ko Moniepoint ko makamantansu, wanda kuɗin kaya kaɗai ke shiga. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ki riƙa rubuta abin da kika saro, nawa, wa ta saya, nawa ta biya. A ƙarshen wata ki yanka wa kanki albashi daga riba, ki tura shi asusunki na kashewa. Idan larurar gida ta tilasta ki taɓa uwar kuɗi, kuma hakan zai faru, ki rubuta shi a matsayin bashi, ki sanar da maigida cewa rance ne aka yi daga jari. Yawancin maza idan suka ga abin a rubuce suna mayarwa. Wanda ba a rubuta ba kuwa kowa mantawa yake yi, har ke.

Daga nan sai farashi. Da yawa daga cikinmu muna ɗora riba a kan kuɗin da muka ba ɗan kasuwa kawai. A ce kin saro turmi goma, kowanne naira 12,000, kin sa 13,000, kina ganin kin ci dubu goma. Ina kuɗin ɗan sahu zuwa da dawowa? Ina na ɗan dako, da leda, da data, da cajin da banki ke cirewa? Ina turmi ɗayan da aka tarar da tabo a tsakiyarsa, wanda dole ki rage masa kuɗi? Idan kika cire waɗannan, wani lokaci wahala kawai kika sha. Ki tara duk abin da kika kashe tun daga fitarki gida har kayan su shiga hannun mai saye, ki raba a kan adadin kayan, sannan ki ɗora riba, ki kuma bar ɗan wurin ragi tunda mai saye ba ta jin daɗi sai ta taya an sallama mata.

Akwai wani abu da shekarar 2023 ta koya wa kowa, lokacin da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni. Mata da yawa sun sayar da kaya da riba a takarda, suka koma kasuwa kuɗin bai iya sayo irin adadin da suka sayar ba. Don haka kafin ki saka farashin kayan da suka yi mako uku a hannunki, ki kira wanda kike sari a wurinsa ki tambayi kuɗinsu na yau. A kan na yau za ki yi lissafi.

Yanzu bashi, wanda a nan ne nake so in daɗe, don shi ne ya fi ciwo. Baƙuwa da ta gan ki a Instagram ba ta neman bashi, ta san ba za ta samu ba. Masu nema su ne naki: ƙawa, maƙwabciya, 'yar uwar maigida, matar da kuke Islamiyya tare. Za ta shigo da sallama, a gaisa, ta ɗaga leshi ta kara a jikinta ta ce, "Anti, wannan nawa ne. Ƙarshen wata idan an yi albashi zan turo." Kunya ta hana ki cewa a'a. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, kin gan ta a biki sanye da leshin, ke ce kuma kike jin nauyin tambaya. A ƙarshe ga kuɗi ya maƙale, ga zumuncin da kika ji tsoron ɓatawa ya yi sanyi, don ita ma ta fara kauce miki.

Ba na cewa a daina taimako. Amma taimako daban, kasuwa daban. Abin da ya yi mini aiki shi ne biya kaɗan-kaɗan alhali kayan suna hannuna: ta ba da kafin alƙalami, in rubuta sunanta a jikin ledar in ajiye, ranar da ta cika ta ɗauka. Nakan faɗa da fara'a tun kafin a buɗe kaya: "Yaya, kuɗin nan na sari ne, idan bai dawo ba ba zan iya komawa kasuwa ba. Bari in ajiye miki." Mai niyyar biya ba ta jin haushin wannan. Idan kuma lallai za ki ba da bashi, ki yanke iyakar abin da zai iya fita a lokaci guda, ki rubuta adadi da ranar biya, ki tura mata a saƙo ta amsa. Babu abin kunya a ciki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wadda kika san ba ta da hali kuma zuciyarki na son ta samu, ki ba ta kyauta daga albashinki, ki huta da jira.

Hoto ma yana kashe kasuwa, ta hanyoyi biyu. Wata takan ɗauka da dare a ƙarƙashin fitila, a kan zanin gado mai fure, kayan kirki su fito kamar tsumma. Wata kuma takan ƙara wa hoton haske da launi har shuɗi ya koma wani abu daban, mai saye ta buɗe leda ta ce ba wannan ta gani ba. Ki ɗauka da hantsi, a inuwa kusa da ƙofa, a kan farin ƙyalle, ki ƙara da gajeren bidiyo kina juya kayan da hannunki. Ki rubuta farashi da yawan yadi a ƙasa, ki daina cewa a biyo ki ta saƙo don jin kuɗi, mutane da yawa wucewa suke yi. Aibi kuwa ki nuna shi da yatsa. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu ya shafi mai sayarwa ta waya kamar yadda ya shafi mai tsibin hatsi a kasuwa.

Masu ɗora hotunan kayan wani ɗan kasuwa ba tare da kayan suna hannunsu ba, kada ku karɓi kuɗi sai kun tabbatar kayan suna nan, launin nan, yau. Masu odar China ta 1688, wato shafin sarin kaya na intanet, kuma su faɗi gaskiyar lokaci, su ƙara makonni a kan abin da wakili ya ce, musamman idan ta jirgin ruwa ne. Gara mai saye ta ji wata biyu kaya su zo da wuri, da ta ji mako uku ta yi ta kiranki.

Ga mai sha'awar gwanjo, kada ki fara da dila guda, wato babban ƙunshin gwanjo. Dila a ɗaure take, ba ki san me ke ciki ba, kuma sabuwar shiga ba ta da hanyar fitar da na ƙasa-ƙasan da za su rage. Ki je irin Kasuwar Ƙofar Wambai lokacin da ake kwance dila, ki yi zaɓe ɗaya-ɗaya ko da ya fi tsada. Ki wanke, ki goge, ki duba zif da maɓalli da hammata, ki auna da tef ki rubuta tsawo da faɗi, don lambar da ke wuyan rigar Turai ba ta gaya wa uwa ko za ta shiga ɗanta.

Sai 'yan damfara. Rasit ɗin da aka turo miki a hoto ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirar sa. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin ya zauna kafin kaya su bar ƙofar gida, ko da ɗan aike yana waje yana danna ham. Gaggawa ita ce makaminsu. Wani zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ki mayar masa da ragowar, alhali ko sisi bai shigo ba. Wani zai kira ya ce zai saka ki a zauren 'yan kasuwa, ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinki ne. Idan ya karɓe, kwastomominki zai bi yana karɓar kuɗi da sunanki. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu a cikin saitin manhajar tun yau.

Aika kaya ta tasha: ki rubuta suna da lambar mai karɓa ɓaro-ɓaro a jikin ƙunshin, ki ɗauki hotonsa, ki karɓi lambar direba da ta mota ki tura mata, kuma ku gama maganar wa zai biya kuɗin mota tun kafin ta turo kuɗin kaya. Rigimar da ke biyo baya yawanci daga wannan ɗan shirun take tasowa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda sana'ar ke shiga haƙƙin gida. Na tuna wata rana 'yata ta tsaya a gabana da allonta, ta kira ni Umma sau uku, ni kuwa idona na kan waya ina jayayya da wata a kan naira ɗari biyar. Da na ɗago ta riga ta juya ta koma ɗaki. Abin ya tsaya mini a rai, domin don in kasance tare da su na zaɓi sana'ar gida tun farko. Daga ranar na sa wa shagon lokaci: bayan sun tafi makaranta zuwa azahar, sai kuma ɗan lokaci bayan isha'i. WhatsApp Business yana da saƙon da ke amsawa da kansa idan ba kya kusa, yana da kundin kaya inda mai saye za ta ga hoto da farashi ba sai ta jira ki ba, yana kuma ba ki damar yi wa hira alama, wadda ta biya da wadda ba ta biya ba. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna kaɗai ke ganin sa, kundin kuwa yana nan. Ban rasa kwastomar kirki ba saboda na amsa mata bayan awa biyu.

Ki kuma zauna da maigida tun farko, kada ki bari sai abu ya taru. Ina za a ajiye kaya, sau nawa za ki shiga kasuwa a wata, wa zai riƙa kai saƙo tasha, yaya za a yi da diloli maza da za su riƙa kira. Abin da aka yi shawara a kansa ba ya zama abin zargi daga baya. Kada ki ba baƙo kwatancen gidanki don ya ce zai zo ya duba kaya, a haɗu da ɗan aikenki a wani sanannen wuri a bakin titi. Kada ki tura ƙaramar yarinya kai kaya gidan da ba ki sani ba, balle bayan magariba. Hotunan 'ya'yanki sanye da rigar makaranta ma ba su da wuri a shafin talla.

Na bar kwantai a ƙarshe saboda kusan kowa tana da buhunsa a bayan ƙofa. Yakan samo asali ne daga sari da son rai, wato ki sayo abin da ke kike so maimakon abin da ake tambayarki, ko kuma daga makara. Kayan ɗinkin Sallah tun kafin azumi da farkonsa suke tafiya, don teloli suna rufe karɓar ɗinki. Idan azumi ya yi nisa, mayafi da takalmi da jaka da kayan yara ɗinkakku ake nema. Wadda ta cika ɗaki da yadi a goman ƙarshe, sai ta jira Babbar Sallah ko lokacin bukukuwa. Ki fara da kaɗan daga kowane iri, littafinki zai nuna miki wanda ya fi gudu, shi za ki ƙara. Wanda ya yi wata uku bai motsa ba, ki sake masa hoto da hantsi ki gwada mako guda. Idan har yanzu shiru, ki sayar da shi a kan kuɗin sari, ko ki haɗa shi da mai tafiya ki yi ragi, ki ɗauki kuɗin ki koma kasuwa da su.