Yadda muke zaman tsara mako da malamai a makarantarmu ta firamare

Takardar da ke zuwa daga ofishin sakataren ilimi ta naɗa mutum hedimasta ba ta gaya masa abin da zai yi idan aka wayi gari Litinin malamai uku ba su zo ba, ga azuzuwa biyu sun cika da hayaniya ba babba a ciki. Wannan a bakin aiki ake koyonsa. Makarantar da nake shugabanta ta gwamnati ce, aji ɗaya zuwa shida, kuma yara sun fi ƙarfin malaman da muke da su. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma ajinmu na ɗaya ya ninka haka har da ɗori. A irin wannan hali, zaman da muke yi sau ɗaya a mako yana da babbar manufa guda: kada a samu ajin da zai zauna ba malami a mako mai zuwa. Sauran abin da ake tattaunawa duk a bayan wannan yake.

Ranar Alhamis muke zama, da zarar an tashi yara. Na san da yawa sun fi son safiyar Litinin, amma a ganina lokaci ya riga ya ƙure a nan, don makon da za ku tsara ya fara, kuma kun kwashe malamai daga aji kun tara su a ofis. Juma'a kuwa gajeriyar rana ce, hankalin kowa na kan masallaci, masu tafiya gida ƙarshen mako kuma sun ƙagu. Alhamis tana da wani amfani: malamaina da yawa suna koyarwa a Islamiyya da yamma, kuma Alhamis da Juma'a ne ranakun hutunsu a can, don haka ba mai duba agogo yana tunanin wani aji na jiransa. Ga kuma Juma'a a gaba, idan akwai abin da ya rage a gyara kafin Litinin. Lokacin tara bai dace ba ko kaɗan. Malamai na buƙatar su karya, kuma a lokacin ne yara suka fi buƙatar ido a kansu.

Minti arba'in ya isa. Malamai mata suna da girki da yara masu dawowa daga makaranta, wasu kuma daga nesa suke zuwa, sai sun nemi abin hawa. Idan suka tabbatar cewa in ka ce minti arba'in to arba'in ɗin ne, za su tsaya da zuciya ɗaya. Ranar da ka ja su awa biyu, mako mai zuwa za ka ga uzuri iri-iri.

Shirin zaman tun Laraba yake farawa. Ina duba littafin sa hannu na malamai, in zaga azuzuwa in leƙa rijista, in tattara duk takardar da ta zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Daga nan in rubuta batutuwa uku ko huɗu a allon ofis, domin duk wanda ya shigo sa hannu safiyar Alhamis ya gani. Wanda ke da abin ƙarawa sai ya ɗauki alli ya rubuta a ƙasa.

Bayan gajeriyar addu'a, sai a karanto abin da aka yanke a makon jiya, kowa ya ce an yi ko ba a yi ba. Ba a tsayawa dogon bayani. Sai mu shiga babbar tambaya, wadda nake yi da bakina kowane mako: “Malamai, wa ya san ba zai samu zuwa ba a wata rana cikin mako mai zuwa?”

A nan ne aikin yake. Yawancin fashin malamai abu ne da aka san da shi tun kafin ranar. Wanda aka yi wa haihuwa ya san ranar suna tun kwana bakwai. Malama mai juna biyu ta san ranar awonta. Wanda aka gayyata bita, ko aka kira tantancewa a sakatariya, takarda ta riga ta zo. Mai kai mahaifiyarsa ganin likita an ba shi rana. Abin da ke sa su ɓoye shi ne tsoron a hana su, ko a yi musu faɗa a gaban jama'a, sai su gwammace su yi waya da safe su ce wani abu ya taso. Saboda haka na kafa ƙa'ida: wanda ya faɗa ranar Alhamis, ba na tsananta bincike a gaban mutane, in akwai magana mu yi ta mu biyu. Sharaɗin kawai shi ne ya bar aiki a rubuce kafin a tashi ranar Juma'a: shafi kaza na littafi, tambayoyi kaza a allo, ga inda aka tsaya. Tun ran gini ran zane.

Sai mataimakina ya zana jadawali a allo, ranakun mako a sama, darussa a gefe. Duk gurbin da ya buɗe sai a sa sunan wanda zai shiga. Ba a cewa “za a duba”, suna ake rubutawa, kuma mai sunan ya amsa da bakinsa. Rasuwa da rashin lafiya ba sa sallama, don haka kowace rana muna ware mutum ɗaya na ko-ta-kwana, wanda darussansa ba su da yawa a ranar.

Idan malamai suka gaza, ga yadda nake fifitawa. Aji ɗaya zuwa uku ba a barin su ko na darasi guda. Ɗan aji shida za ka iya ba shi aikin rubutu ya yi rabin awa a kai, malamin ajin da ke maƙwabtaka yana leƙowa. Ɗan aji ɗaya kuwa da ka juya baya ya fita, wani ma sai gida. Haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya shi ne matakin ƙarshe, don in aka cusa yara fiye da ɗari wuri guda ba karatu ake yi ba. Barin aji a hannun manita da sanda kuwa na hana shi gaba ɗaya, yaro ba ya riƙe yara. Sannan ina sa sunana a jadawalin kamar kowa. Hedimastan da ke shiga aji ya ɗauki alli, ba ya shan wahala wajen roƙon wani ya shiga. Ɗaliban kwalejin ilimi da ke zuwa koyon aikin koyarwa suna taimakawa ƙwarai, amma koyo suka zo yi, don haka kowannensu muna haɗa shi da tsohon malami, ba a sakar masa aji a yi tafiya.

Batu na biyu shi ne karatu kansa. Kowane malami ya faɗi makon da yake a sikim, wato tsarin darussan zango mako-mako, da darasin da zai shiga. Ba a karanta lesin not, wato shirin darasin da malami ke rubutawa, a wurin zama. Safiyar Juma'a ake kawo mini su, in duba in sa hannu in mayar kafin a tashi. Abin da nake nema a zaman shi ne bambancin da ke tsakanin abin da manhajar NERDC, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, ta tsara da abin da yara suka iya a zahiri. Dayari, littafin da malami ke rubuta abin da ya koyar, zai iya nuna an kai mako na shida, alhali yara suna mako na uku.

Wata Alhamis malamar aji uku ta ce a takarda ta gama ɗebewa mai aro, amma in ta ba yara 32 a ɗebe 17, yawancinsu 25 suke rubutawa, wato suna ɗebe 2 daga 7 kawai tunda shi ne ƙarami. Malamin aji huɗu, dattijo ne da ya daɗe a aikin, ya ce a miƙo masa tsintsiya. Ya karya tsinke ya ɗaure goma-goma da roba, ya ajiye ɗauri uku da tsinke biyu a kan tebur. Ya ce, “Malama, ce wa yaro ya ba ki bakwai daga cikin biyun nan. Zai ce ba za su isa ba. To sai ki ce ya kwance ɗauri ɗaya.” Ya kwance, tsinke suka zama goma sha biyu, ya cire bakwai saura biyar. Ɗauri biyun da suka rage ya cire ɗaya. Ɗauri ɗaya da tsinke biyar, 15 ke nan. Bai fi minti biyar ba. Muka amince ta maimaita darasin mako guda, aka rubuta hakan a dayari yadda yake, kuma kowane yaro ya zo da tsinkensa daga gida. Tun daga lokacin nake ware minti biyar zuwa goma a kowane zama domin malami ɗaya ya nuna wa 'yan'uwansa yadda yake koyar da wani abu mai wuya. A wurina wannan ne ɓangaren da ya fi daɗi, kuma shi ke sa malami ya ji cewa an san abin da ya iya.

Daga nan sai rijista. Kowane malamin aji ya kawo sunan yaron da ya yi kwana uku a jere bai zo ba. Mun san lokutan da abin ke ƙaruwa: ranar kasuwa, farkon damina lokacin shuka da noma, kaka lokacin girbi, da kuma hunturu da yara ke makara saboda sanyi. 'Yan mata kuma talla ce ta fi ɗauke su. Malamin da ke zaune a unguwar yaron shi ake fara turawa ya gaisa da iyaye, cikin mutunci, ba da sigar tuhuma ba. Sau da yawa za a tarar zazzaɓi ne, ko yunifom ya yage. In abin ya ci tura sai in kai wa shugaban SBMC, kwamitin iyaye da mutanen gari mai kula da makaranta, su da mai unguwa da liman sun fi mu sanin ta inda za a shiga gidan.

Sauran ƙananan abubuwa a minti biyar ake gama su: wane ne malamin duti na mako, wanda zai kula da asambuli da ƙararrawa da shara da banɗaki, rabon alli, ranar da masu allurar rigakafi za su zo, da ranakun gwaji, don kada yara su sha gwaji huɗu a wuni ɗaya.

Akwai abin da ba na bari ya shigo zaman. Na farko, yi wa mutum faɗa. Wanda ke yawan makara a ofis nake ganinsa ni da shi, domin cikin malamaina akwai waɗanda suka girme ni, akwai ma wanda ya isa ya haife ni, kuma in ka kunyata dattijo a gaban ƙannensa ka rasa shi har ƙarshen zango. Na biyu, maganar albashi da ƙarin girma. Damuwa ce ta gaskiya, ni ma tana damuna, amma ba mu ne za mu warware ta a nan ba, kuma in aka buɗe ta za ta cinye lokacin duka. Wakilin ƙungiyar malamai ta NUT yana da damar tsayar da mutane bayan an rufe zama, haka ma masu adashi da gudummawar biki. Sannan ka lura da masu shiru. Sabbin malamai da wasu malamai mata ba sa son yin magana in manya sun riga sun faɗi ra'ayi, don haka da su nake farawa, ina kiran kowa da sunansa.

Duk abin da aka yanke yana shiga littafi ɗaya mai kauri da aka raba shafinsa gida uku: abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar da zai yi. Rubutun karɓa-karɓa ake yi, ba a ɗora wa mutum ɗaya. Ana ɗaukar hoton shafin a tura zauren WhatsApp na malamai, amma kuma ana kwafe jadawalin cike gurbi a manna a ƙofar ofis, don ba kowa ke da data kullum ba. Idan jami'in sa ido ya zo daga ƙaramar hukuma, littafin nan nake fara miƙa masa kafin ya tambaya.

Safiyar Litinin, da an watse daga asambuli, sai in ɗauki takardar in bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya in ga ko kowane suna yana inda aka rubuta shi. Da azumi muna rage zaman zuwa minti ashirin, cike gurbi da rijista kawai. Makon jarrabawa kuma batun ya koma tsara tambayoyi, masu sa ido, da ranar da za a gama maki a cike katin sakamako. Idan kuma ni ne aka kira taro a ofishin sakataren ilimi ranar Alhamis, ba a ɗage zaman. Mataimakina ya jagoranta, ya aje mini littafin a kan tebur, in karanta safiyar Juma'a kafin a kawo lesin not.