Yadda ofishin lauyoyi ko na akantoci a Gusau zai rage hayaƙin kabon

Duk ofishin da ya ƙuduri niyyar rage hayaƙin da yake fitarwa, sola ce ke fara zuwa masa a rai. A kira mai haɗawa, ya leƙa ɗakuna, ya yanka kuɗi, a biya. Ba a rufa shekara ba sai ka ji janareta yana ruri da tsakar rana kamar da, batura sun sauka, mai ofis yana cewa sola yaudara ce. Na ga haka a ofisoshin lauyoyi, na akantoci da na masu zanen gine-gine a garin nan, kuma dalilin ba ya sauyawa: an sayi kaya tun ba a san yawan wutar da ake sha ba.

Ka fara da rasit. Ka sa akawu ya tattaro na man dizal da fetur na wata 12 cif, da na kuɗin wutar Kaduna Electric, da na man motocin ofis da kuɗin tafiye-tafiye. Shekara guda nake nufi, domin abin da ofis ke ƙonawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba shi ne na watan Disamba ba. Daga nan lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kusan kilo 2.3. Misali, ofishin da ke ƙona lita 400 ta dizal a wata yana fitar da fiye da tan ɗaya, wato kusan tan 13 a shekara. Wutar layi ma tana da nata hayaƙin, amma ba ta kai ta ƙaramin janareta ba, tunda mafi yawanta daga tashoshin gas take zuwa, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro. A ofisoshinmu janareta ne babban mai laifi, don haka can za ka dosa.

Wani zai ce ina ruwan ƙaramin ofis da wannan. Dokar sauyin yanayi ta 2021 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya ɗauki matakin rage hayaƙi, ya kuma ware jami'in da zai kula da hakan. Yawancin ofisoshin Gusau ba su kai wannan adadi ba. Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk litar da ka rage kuɗi ne ya dawo aljihu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Mataki na gaba shi ne wanda kowa ke tsallakewa, kuma shi ne aikin. Ka samu mai gyaran wuta da ke da mitar awon lodi, ku bi ofis ɗaki ɗaki a ranar aiki, kowace na'ura a kunna ta a rubuta abin da take ja da awannin da take aiki. Kada ka yarda da abin da aka ƙiyasta da ido. Za ka tarar kwamfutoci, waɗanda kowa ke zargi, ba su da wani nauyi: ta hannu ba ta cika wuce wat 65 ba. Masu cin wutar su ne esi, injin fotokwafi, butar lantarki da na'urar ruwan sha da aka bar ɓangaren zafinta a kunne dare da rana. Tsohuwar esi mai doki ɗaya da rabi tana jan fiye da wat 1,000 ita kaɗai. Butar da masinja ke dafa wa Oga shayi tana iya jan kusan wat 2,000, kuma ita ce sau da yawa ke sa inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta layi, kuka da safe a rasa dalili.

Da zarar takardar nan ta zo hannunka, ka rage lodin kafin ka yi maganar sola. Kwan fitila duk a mayar da su LED, mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60. Esi a tsayar da ita a digiri 24 ko 25 a kunna fanka tare da ita; wanda ya ce sai 16 yake jin sanyi, a duba ƙofarsa, galibi a buɗe take ko tana da rata a ƙasa. Tagogin yamma su samu labule mai kauri ko rumfa daga waje. In ofishin kwano ne ba sili mai kyau, sanyaya shi tamkar ɗiban ruwa da kwando ne, gyaran silin ya fi sabuwar esi amfani. Matatar esi a wanke ta duk wata, a lokacin hunturu ma fiye da haka. Ni a wurina duk esin da ta tsufa, idan za a canza ta, wadda ake kira esi mai inbata, mai rage gudun injinta daidai da buƙata, kawai ake saye. Ta fi tsada a shago, amma ba ta fizgar wuta da ƙarfi wajen tashi, kuma wannan ne ke ba ka damar sayen ƙaramar sola maimakon babba.

Akwai hayaƙin da ba ya fitowa a rasitin mai: gas ɗin esi. Ana ta kiran mai gyara duk bazara ya ƙara gas, ba a taɓa neman inda yake zurarewa ba. Kilo ɗaya na gas ɗin esi da ake kira R410A da ya tsere sama yana ɗumama duniya kamar kusan tan 2 na kabon. Ka ce a toshe ramin tukuna, sannan a ƙara.

Yanzu ka kira mai sola, ka miƙa masa takardar awon. Ofis ba gida ba ne: aikinsa daga safe zuwa la'asar yake, daidai lokacin da rana ke sama. Saboda haka kuɗinka ya fi yawa a farantin sola, batir kuwa daidai abin da zai riƙe kwamfutoci, intanet da fitilun tsaro. Masu sayarwa da yawa sukan juya maka lissafin, su cika ka da batura. A raba layi biyu: fitilu, fanka da kwamfutoci a kan inbata, fotokwafi da buta a layin da ba ya taɓa batir. Batir mai ruwa ba a zuƙe shi ya wuce rabi, wanda ya saba yin haka ba zai daɗe da shi ba. In da hali ka sayi na litiyom ka huta. Faranti a wanke su da ruwa da sassafe, musamman lokacin ƙura, kuma a rubuta sunan wanda aikinsa ne, in ba haka ba babu mai hawa. Janareta ba a jefar da shi. Sai dai babban injin dizal da ke ɗauke da ɗan ƙaramin lodi yana ɓarnar mai yana kuma lalata kansa, don haka bayan ka rage lodi ka duba ko ƙarami zai ishe ka.

Sauran ba su da wahala. Tafiyar Abuja, Kaduna ko Sakkwato da za a iya yi ta bidiyo a yi ta bidiyo, wadda ta zama dole a haɗa ayyuka biyu ko uku a mota ɗaya. Rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet ake yi, ba sai an tura mutum ba. Firinta a saita ta tana buga gaba da baya, daftari a gyara shi a kwamfuta, sai wanda zai je kotu ko hannun abokin hulɗa a buga. Akawu ya ci gaba da rubuta litocin kowane wata a gefen na bara, da haka za ka san ko ana raguwa.

Tsofaffin batura masu ruwa kuwa dalma ce a cikinsu. Mu a Zamfara mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Kada ka ba yaran unguwa ko mai gwangwan da zai fasa su a bayan gida. Tun ranar sayen sababbi ka yi sharaɗi da dillalin cewa shi zai karɓi tsofaffin, ka rubuta hakan a takardar ciniki.