Darasi na 11: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Darasinmu na yau a kan malamin makaranta ne da ya samu aikin koyarwa a wata ƙasa, ko yake cikin nema. Na san wani zai ce, "Malam, mu da muke koyon haɗa baƙi, ina ruwanmu da fasfo da biza?" Da ruwanku ƙwarai. Mai tafiyar ɗanka ne, ko ƙaninka, ko mijinki, ko 'yarki da ta gama kwalejin ilimi. Ku za a zo wa a ce a sayar da gona ko shanu a biya ejan. Takardun ma a ɗakinku suke, cikin akwatin ƙarfe ko ƙarƙashin katifa. Wanda zai ba da dukiyarsa ya kamata ya san abin da ake saye da ita.

A fara da suna

Kafin a kashe ko sisi, a shimfiɗa tabarma, a fito da takardun mai tafiya gaba ɗaya, a jera su. Takardar haihuwa, ta firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar NCE ko digiri, takardar bautar ƙasa, takardar lambar NIN. Sai a karanta sunan da ke kan kowace ɗaya, baƙi bayan baƙi, a hankali.

A nan mu Hausawa muke yawan faɗuwa. Ina da ƙane, malamin lissafi ne a wata sakandare nan kusa da Daura. Abubakar aka raɗa masa, a gida ana ce masa Habu. Ranar da aka kai shi firamare, Habu aka rubuta. Da ya shiga sakandare sai ya koma Abubakar, aka kuma liƙa masa sunan gari a ƙarshe, yadda aka saba yi wa 'yan makaranta. Wajen yin NIN kuma ya bar sunan gari ya sa na kakanmu. Sunan mahaifinmu ma a wata takarda Muhammad ne, a wata Mohammed. Shekara da shekaru yana karɓar albashi babu wanda ya ce masa uffan. Sai da aiki ya samu a waje aka dawo masa da takardunsa.

Ya zo mini ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, ai duk ni ne."

Na ce, "Na san kai ne, Inna ma ta san kai ne. Amma wanda zai duba takardun nan a can bai taɓa shan ruwan Kusugu ba. Bai san Habu da Garba da Abubakar suna ɗaya ba ne. Shi mutum uku yake gani."

Gyaran ya ci masa watanni, makarantar kuma ba ta jira ba.

Ranar haihuwa ma haka take. Da yawanmu ba a rubuta ranar da aka haife mu ba, sai aka ba mu 1 ga Janairu. Wasu kuma an rage musu shekaru a wata takarda don neman aiki. In ranar da ke kan takardar makaranta ta saɓa da ta NIN, matsala ce, domin Hukumar Shige da Fice daga NIN take ɗauko bayanan da za ta sa a fasfo. A ganina, tun da takardun makaranta su ne mafi wuyar canzawa, gara a daidaita sauran su bi su. Ana yin rantsuwa a babbar kotu cewa sunayen nan na mutum ɗaya ne, a buga sanarwa a jarida, sannan a nemi gyara a hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN. Lambar nan guda 11 ce. Mai ita ya haddace ta.

Ga wani abu da ya shafi karatunku kai tsaye. A Najeriya rana muke fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Idan ka ga 04/07/1990, to 4 ga Yuli ke nan. A Amurka wata suke fara sawa, don haka su 7 ga Afrilu za su karanta. A duba fom da kyau a ga wanne akwati ne na rana, wanne na wata.

Hatsi da nono

Takardun tafiya iri biyu ne. Wasu kamar hatsi suke, ka zuba a rumbu su shekara. Wasu kamar nono, in ka saya da wuri sai su lalace kafin ranar buƙata. Mai dabara da hatsin yake farawa.

Na farko fasfo. Mai shafi 32 shekara 5 yake yi, mai shafi 64 kuma shekara 10. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗinsu ya koma naira 100,000 da naira 200,000 ga mai nema a cikin ƙasa. Ana cike fom a biya ta intanet a shafin hukumar, sannan a je ofishin fasfo na Katsina a ɗauki hoto da zanen yatsu. A riƙe rasiɗi. Wanda yake da tsohon fasfo, ko da na aikin hajji ne ya yi, ya duba ranar ƙarewarsa. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata 6 ya rage masa ba, kuma wanda zai yi kwantiragin shekara 2 bai kamata ya tafi da fasfon da saura shekara 1 ba.

Na biyu takardun karatu. Wanda ya gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko ta Isa Kaita a Dutsinma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya tabbata ainihin takardar kammalawa ce a hannunsa, ba ta wucin gadin da ake bayarwa bayan jarrabawar ƙarshe ba. Za a kuma nemi cikakken sakamakonsa na darussa, shekara bayan shekara, wanda sau da yawa makaranta ce take aikawa da kanta. Wannan yana ɗaukar lokaci a ko'ina, don haka a nema tun da wuri. Mai digirin da ba na koyarwa ba yana buƙatar difilomar horon koyarwa da ake kira PGDE, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suke bayarwa.

Na uku rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Ita take ba da lasisin koyarwa, ita kuma take rubuta wasiƙar shaida cewa malami na gaskiya ne, ba a taɓa hana shi aiki ba. Wannan wasiƙa ƙasashen waje suna tambayar ta.

Sai hatimi. Takardar makarantarmu ba ta aiki a ƙasashe da dama sai an tantance ta a Abuja: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fara, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. A bi su a jere, ba a tsallake ɗaya. In ƙasar Larabawa ce ko ta masu Faransanci, ana iya neman fassara daga tafintan da ofishin jakadancin ya yarda da shi. Kuma ina roƙonku, kada a kai takardar asali a manne ta da leda don gudun gara ko ruwa. Wasu ofisoshin a jikinta suke buga hatimi. A sa ta a jakar leda mai buɗewa, a yi kwafi uku, a ɗauki hotonta a waya.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawa, shi ma hatsi ne. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A yi allurar da gaske. Sayen kati babu allura cutar kai ne.

Nonon kuwa shi ne takardar shaidar hali daga 'yan sanda da gwajin asibiti. Waɗannan sai an ga tafiya ta kankama. Ingila, alal misali, tana neman gwajin tarin fuka ga ɗan Najeriyar da zai zauna fiye da wata 6, a asibitin da ita ta amince da shi kaɗai, takardar kuma wata 6 take yi.

Ta wace ƙofa?

Akwai ƙofar gwamnati. Tun 1987 Najeriya take da shirin tura ƙwararru, har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, su yi shekara 2 su dawo. Ana kiran hukumar NTAC, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje.

Ingila kuma tun 1 ga Fabrairu 2023 ta ba malaman Najeriya damar neman shaidar ƙwarewa da ake kira QTS. Sharaɗin akwai digiri, da horon koyarwa, da aikin shekara 1 aƙalla, kuma a fannin lissafi ko kimiyya ko wasu harsuna. NCE kaɗai ba ta isa ba. Ku lura da kyau: shaidar nan ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Sai wata makaranta ta ɗauki mutum ta tsaya masa kafin ya nemi biza.

Nijar kuwa muna ganin ta kamar bayan gida. Mutum ya bi ta Kwangwalam ya nufi Damagaram, ko ta Jibiya ya shiga Maraɗi. Amma zuwa cin kasuwa ko biki daban, zama a yi aikin albashi daban, balle tun da ƙasar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. A tambayi makarantar takardar zama da ta aiki kafin a ɗaura kaya.

Sai Saudiyya, inda zukatanmu suka fi karkata. Bizar umara ta ibada ce. Duk wanda ya ce ka tafi da ita, in ka isa za a juya ta ta zama ta aiki, takari yake shirin mayar da kai. Malami mai digiri ya koma ɓuya yana gudun askarawa, wannan ba ci gaba ba ne.

Kwantiragi da ejan

Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. In da Turanci ko Larabci take, a nemi wanda aka amince da shi ya karanta ta layi-layi. Sunan makarantar da garin da take. Albashi nawa, a kuɗin wace ƙasa, kafin cire haraji ko bayan cirewa. Wa zai biya haya, da jirgi, da asibiti. Shekara nawa. In mutum ya so barin aiki kafin lokaci, me zai biya. Ko an yarda ya zo da iyali. Albashin waje in aka juya shi zuwa naira yakan ruɗi mutum, alhali haya da abinci a can ba da naira ake biya ba.

Makarantar gaskiya za ta yi wa malami tambayoyi, yawanci ta bidiyo, ta ga fuskarsa ya ga tasu. Aikin da aka ba ka babu wanda ya gwada ka, aka ce maza ka tura kuɗi asusun wani mutum yau-yau kada gurbi ya cika, a ja baya. Haka ejan da ya ce ka ba shi fasfonka ya ajiye. A tambaye shi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In abin ya yi kama da safarar mutane, musamman in 'ya mace ce ake zawarci da aikin, a kai magana hukumar NAPTIP, mai yaƙi da safarar mutane. Iyaye, kada kunya ta hana ku tambaya don ejan ɗin ɗan unguwa ne ko an haɗa sahu da shi a masallaci.

Abin da za a bari a gida

Kada a saki reshe a kama ganye. Malamin da ke aiki da gwamnati kada ya ajiye aiki sai biza ta shigo hannunsa. Ya fara neman hutun da babu albashi a rubuce, ta hannun shugaban makarantarsa, ya karɓi amsa a rubuce. Wanda ya sulale kawai ya bar suna yana karɓar albashi, haƙƙin yara ya ɗauka, kuma ranar da zai nemi takardar shaidar aiki ba zai samu ba.

Albashin farko yakan yi jinkiri. A bar wa maiɗaki da yara abin da zai riƙe su wata 2 ko 3, a kuma faɗi a gaban manya wane ne wakili a kan gida da gona. A rubuta bashi, wanda ake binka da wanda kake bi, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta. A rubuta wasiyya. Layin wayar da banki ya sani kuma kada a jefa shi a aljihun tsohuwar riga, domin in ya daɗe babu amfani kamfani yakan ba wani, saƙon banki ya riƙa zuwa wa baƙo.

Kwafi ɗaya na fasfo, da biza, da kwantiragi, da adireshin makarantar, a bar shi a gida wurin wanda ya iya karatu. Ina fata wannan mutumin ɗaya daga cikinku ne.

Aikin aji

1. Rubuta cikakken sunanka da manyan baƙaƙe yadda yake a takardar NIN ɗinka. Kwatanta shi da na katin zaɓenka. Sun yi daidai?
2. An ba da fasfo mai shafi 32 ranar 15/03/2022. Yaushe zai ƙare? Mai shi zai iya fara kwantiragin shekara 2 da shi a Satumba 2026 ba tare da sabuntawa ba?
3. Jirgi zai tashi daga Kano ranar 20 ga Agusta. Wace rana ce ta ƙarshe da ya kamata a yi allurar shawara?
4. A ce albashi 3,000 ne a kuɗin wata ƙasa. Haraji 450, haya 1,100, abinci da mota 800. Nawa ya rage a aiko gida?
5. Mako mai zuwa kowa ya zo da takardu biyu na wani ɗansa ko 'yarsa, mu karanta sunayen tare a kan allo.