Darasi na Tara: Wace Riga-kafi Ta Dace da Kwamfutarka?

Kwamfuta ma tana kamuwa da cuta. Cutar wata muguwar manhaja ce da ake kira bairos. Wani ne ya ƙirƙire ta don ta ɓata aiki, ko ta saci lambobin sirri, ko ta kulle takardun mutum har sai ya biya kuɗi. A watan Mayu na 2017 wata irinta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Ingila. Manhajar da ke tsare kwamfuta daga irin wannan cuta ita ce antibairos, wato riga-kafin kwamfuta.

Yawancinmu a Nima da Maamobi da Sabon Zongo na birnin Accra, kwamfutar da aka riga aka yi amfani da ita muke saya, irin wadda ake samu a Tiptoe Lane da ke Circle. Wata hajiya mai shagon buga takardu ta sayi irinta. Mai sayarwa ya ce, "Hajiya, na saka miki antibairos mai tsada, kyauta." Ta yi godiya ta tafi. Bayan watanni wani ɗalibi ya kawo filash a buga masa takarda. Washegari duk filashin da ta soka, sai ta ga manyan fayilolin sun ɓace, an bar 'yan hotuna masu ƙaramar kibiya a gindinsu. Ta kai wa mai gyara.

"Yarona, ba akwai riga-kafi a ciki ba?"

"Akwai, Hajiya, amma satacciya ce. Tun ranar da aka saka ta ba ta sabunta kanta ba."

Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Kullum ana fitar da sabbin cututtuka, kamfanoni kuma suna aiko wa riga-kafinsu bayanin yadda za ta gane su ta intanet. Wadda ba ta karɓar wannan bayani, cututtukan bara kawai ta sani. Satacciya kuwa ta fi haɗari, domin sau da yawa a cikinta ake ɓoye cutar. Komai girman sunanta, kada ka karɓa. Af, idan abin da ya sami Hajiya ya same ka, kada ka yi gaggawar goge filashin. Galibi takardun suna nan, ɓoye su aka yi, kuma mai gyara zai iya fito da su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da tasu riga-kafin, Microsoft Defender. Ba a biyan ko sidi ɗaya. Cibiyoyin da ke gwada irin waɗannan manhajoji, kamar AV-TEST ta Jamus, sun sha ba ta maki mai kyau. A ganina, ga mai rubuta wasiƙa, da lissafin shago, da kallon wa'azi a YouTube, ita ta wadatar, muddin ana barin ta ta sabunta. Na san data tana da tsada, amma ta fi asarar aikin shekara araha.

Akwai masu son ƙari, musamman mai shagon da filashin mutane ke shiga kwamfutarsa safe da yamma. Irinsu sukan sayi Bitdefender, ko ESET, ko Kaspersky, ana biya shekara-shekara. Avast da AVG suna da ta kyauta, sai dai masu amfani da su suna kukan yawan talla, kuma a 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. Wani malamin makaranta ya haɗa biyu a tsohuwar kwamfutarsa, yana ganin tsaro zai ninka. Sai ta koma tafiyar hawainiya, kowace tana tuhumar 'yar'uwarta. Ɗaya ake sakawa. Wadda wa'adinta ya ƙare kuma, a cire ta gaba ɗaya.

Ku lura da shekarun kwamfutar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kafin ka saya, tambayi mai kaya ko za ta ɗauki Windows 11.

Idan wani shafi ya buɗe da jan rubutu yana cewa kwamfutarka ta kamu, ka kira wata lamba ko ka tura kuɗi ta MoMo, wato ta waya, damfara ce. Rufe shafin. Idan an riga an cuce ka, kira Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana a lamba 292.

Aikin aji: kowa ya zauna da abokin karatunsa. Ku danna Start, ku rubuta Windows Security, ku buɗe. Koren alama na nufin lafiya lau, ja ko rawaya na neman kulawa. Ku shiga Virus & threat protection, ku danna Quick scan, ku jira ya gama. Sannan ku rubuta a littafinku sunan riga-kafin da kuka tarar da ranar da ta sabunta kanta ta ƙarshe, ku kawo wa malami mako mai zuwa.