Yadda Ake Tono Abin da Marubuci Ya Binne a Labarin Kasada na Yara

Yaro in ya gama karanta labarin kasada mai daɗi, ba ya rufe littafin ya yi shiru. Sai ka ji ya ce, "Ni dai ina ganin wane ne ya kashe wane," ko "Ai da gangan suka bar shi ya gudu." Iyaye da malamai da yawa sukan ce masa ya bar shirme, abin da ke rubuce shi ne labari. Ni ban yarda da wannan ba. Wannan hasashen shi ne farkon karatu na gaske, abin da yaron ke bukata kawai a nuna masa yadda zai kafa hujja. Littafin da na fi amfani da shi wajen koya wa yaran gidanmu wannan aiki shi ne Treasure Island na Robert Louis Stevenson, mutumin Sikotiland. Ya fara fitowa kashi-kashi a wata mujallar yara daga 1881 zuwa 1882, aka buga shi littafi a 1883. Labarin wani yaro ne, Jim Hawkins, da ya sami taswirar tsibirin da ɗan fashin teku Flint ya binne dukiya, aka tafi nemanta da jirgin Hispaniola, ashe yawancin ma'aikatan jirgin tsofaffin yaran Flint ne, kuma kukun jirgin mai ƙafa ɗaya, Long John Silver, shi ne ubangidansu.

Ka fara da neman cikakken littafin, mai babi 34. Gajerun da ake yi wa 'yan makaranta suna da amfaninsu, amma abin da suke fara yankewa shi ne ƙananan maganganun da za mu yi aiki da su. Karatun farko kada ka riƙe fensir, kada ka tsayar da yaro da tambaya. Ku bar labarin ya ja ku har ƙarshe. A karatu na biyu ne za ku ɗauko littafin rubutu, duk inda wani abu ya tsaya muku a rai ku rubuta lambar babin, da wanda ya yi maganar, da wanda aka faɗa wa, da abin da mai maganar yake nema a wurin mai sauraronsa. Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci.

Ga inda nake so ka fara gwadawa, babi na 9. Jirgi bai tashi daga Bristol, tashar jiragen ruwa a Ingila, ba tukuna, Kyaftin Smollett ya shigo ɗaki ransa a ɓace, ya gaya wa attajiri Trelawney da Likita Livesey cewa ma'aikatan jirgi sun san dukiya za a nema, sun san akwai taswira mai alamun jan tawada, har ya faɗi lambobin da ke nuna daidai inda tsibirin yake a teku. Trelawney ya zabura ya ce shi bai taɓa gaya wa kowa wannan ba. Kowa ya san bakinsa ba ya riƙe magana, don haka ba wanda ya kula shi. Sai Jim, mai ba da labarin, ya ƙara jimla ɗaya: a wannan karon dai yana ganin mutumin gaskiya ya faɗa. Daga nan aka wuce, ba a sake tayar da zancen ba. Tsayar da yaro a nan ka tambaye shi: in ba wanda ya faɗa musu, a ina suka sani? Ka ba shi lokaci, kada ka amsa masa. Zai kai ga cewa mutanen nan sun san tsibirin tun kafin Trelawney ya san da shi, domin sun yi aiki a jirgin Flint. Marubucin ya ajiye asirin tawayen a fili tun babi biyu kafin Jim ya ji shi da kunnensa daga cikin gangar tuffa. Irin wannan shi ne hasashe mafi ƙarfi, wanda littafin da kansa ya zo ya gaskata daga baya, kuma da shi ya kamata a fara, don yaro ya ɗanɗana daɗin cin nasara.

Mataki na gaba ya fi wuya, wato ka koya wa kanka raba abu uku: abin da littafi ya faɗa, abin da ya nuna da baki bai furta ba, da abin da kai ka ƙara. Maganar Arrow, mataimakin kyaftin, ta dace da wannan. Littafi ya faɗa cewa kullum a buge yake, ba wanda ya san inda yake samun giya, in an tambaye shi yana cikin maye sai ya yi dariya, in ya wartsake ya rantse ruwa kaɗai yake sha. Wani dare mai duhu, teku na hauka, aka neme shi aka rasa. A ƙarshen babi na 11 Silver ya miƙa wa Dick, wani matashi cikin ma'aikatan jirgin, makullin ma'ajiyar giya, Jim ya ce a ransa lalle ta nan Arrow ya riƙa samun abin da ya halaka shi. Wannan nuni ne. Koma baya ka duba wasiƙar Trelawney a babi na 7, za ka ga Silver ne ya samo Arrow tun farko. Duba gaba kuma, za ka ga bayan ɓacewarsa Job Anderson, yaron Silver, shi ya riƙa yin aikinsa. Kana da damar cewa Silver ya zaɓo mashayi da gangan don kujerar ta faɗo hannun mutanensa. Amma in ka ce tura shi aka yi cikin ruwa, ka sani wannan naka ne, babu layin da ya faɗe shi. Ni ina ganin an tura shi ɗin. Duk da haka a littafin rubutunmu ina sa yara su rubuta shi a gefe, da alamar tambaya.

Yanzu ga wanda na fi so, ƙafar Silver. Labari biyu ya bayar a kanta. Ga Trelawney, mai son ƙasa da alfahari da sojan ruwan Ingila, ya ce wajen yi wa ƙasa yaƙi ya rasa ta, ƙarƙashin Admiral Hawke. Ga Dick, matashin da yake so ya jawo cikin fashi, yana cikin ba da labarin jirgin Flint ya ce harbin igwar da ya cire masa ƙafa shi ya makantar da Pew, abokin fashinsa. Kamar dillali ne a kasuwar shanu, abin da zai gaya wa mai saya daban, na mai sayarwa daban. Yawancin masu karatu sukan ɗauka na farkon ƙarya ne, na biyun gaskiya, tunda da 'yan uwansa yake magana. Kada ka yi saurin yarda. A wannan hirar ce ya yaba wa Dick da kalmomin da ya yaba wa Jim da su a Bristol, ba ƙari ba ragi, har Jim ya ce da yana da iko da ya kashe shi ta cikin gangar. Mutumin yana cikin aikin yaudara ne lokacin da yake ba da labarin.

A nan ne lissafin shekaru yake shigowa, kuma yara suna son sa fiye da yadda za ka zata. Silver ya ce likitan da ya yanke masa ƙafar yana cikin mutanen Roberts da aka rataye a Corso Castle. Wannan wuri na nan har yau, shi ne ganuwar Cape Coast da ke bakin teku a Ghana. Bartholomew Roberts ɗan fashin teku ne na gaske, sojan ruwan Ingila suka kashe shi a 1722, a shekarar kuma aka yi wa mutanensa shari'a a Cape Coast aka rataye 52. Ke nan an yanke ƙafar kafin 1722 ta ƙare. To duba taswirar da ke gaban littafin: an rubuta cewa Flint ya ba mataimakinsa Billy Bones ita a garin Savannah a watan Yuli na 1754. Ben Gunn kuwa, wani tsohon yaron Flint da su Jim suka tarar a can, ya ce shekara uku ya yi shi kaɗai a tsibirin, bayan mutuwar Flint. Tafiyar Hispaniola ba za ta kasance kafin 1757 ba. Silver da bakinsa ya ce shekarunsa 50. Cire ka gani: a 1722 bai wuce shekara 15 ba. Yaro ɗan 15 ne ya zama babba a jirgin Flint, bayan ya riga ya tara fam 900 a ƙarƙashin wani kyaftin kafin nan?

Idan ka kama irin wannan saɓani, kada ka tsaya a bayani ɗaya. Ko Silver ya rage shekarunsa, ko ya ari sunan Roberts don ya burge yaro, ko kuma marubucin ne bai yi lissafi ba. Dole ka bar wa na ukun nan kujerarsa. Stevenson ya rubuta babobin farko da gudu, kusan babi ɗaya kullum, yana karanta wa iyalinsa, kuma ya ɗebo sunaye daga tarihin 'yan fashi na gaske. Israel Hands, ɗaya daga cikin yaran Silver a jirgin, alal misali, sunan wani mutumin shahararren ɗan fashin teku Blackbeard ne. Taswirar ma ta asali ta ɓata kafin a buga littafin, sai da ya sake zana wata. Mai yiwuwa ƙwarai kuskure ne. Amma kuskuren ya faɗa a bakin mutumin da ƙarya ce sana'arsa, saboda haka hasashen cewa Silver bai taɓa gaya wa kowa gaskiyar ƙafarsa ba yana tsaye daram, bai karya komai a labarin ba.

Wannan ita ce jarrabawar da kowane hasashe zai bi: me ya karya? Wani yaro ya taɓa kawo min cewa duk tafiyar mafarki ce Jim ya yi saboda baƙin cikin rasuwar mahaifinsa a babi na 3. Ban kore shi ba. Na ce ya buɗe babi na 16 zuwa 18 ya ga wa ke magana. Likita Livesey ne ya karɓi labarin a wurin, yana ba da abin da ya faru lokacin da Jim ba ya nan. Yaron ya duba, ya yi shiru, ya ja layi a kan hasashensa da hannunsa. Haka ma masu cewa Silver ne mahaifin Jim na ainihi, ba su da ko layi ɗaya. Abin da ke akwai shi ne maraya da ya haɗu da babban mutum mai sakin fuska, ya so shi, kuma wannan ya isa.

Gudun Silver a babi na ƙarshe wuri ne mai kyau na muhawara, in kuna da yawa ku kasu biyu. Littafi ya ce da suka tsaya a wata tashar jiragen ruwa, likita da Trelawney suka ɗauki Jim suka shiga gari, suka haɗu da wani kyaftin na jirgin yaƙin Ingila, hira ta yi daɗi har gari ya waye. Da suka dawo Ben Gunn ne kaɗai a saman jirgi, ya amsa cewa shi ya taimaka wa Silver ya sulale a ƙaramin kwalekwale, da buhun kuɗi na gini (tsabar zinariyar Ingila) 300 ko 400. Masu cewa da gangan aka ba shi hanya suna da hujja mai nauyi. Likita ya riga ya yi masa alkawari a babi na 30 cewa zai yi iya ƙoƙarinsa ya cece shi, in dai ba rantsuwar ƙarya ba. In an kai shi Ingila, igiya ce ke jiransa, kuma likita ba zai yi ƙarya a kotu ba. Ta wace hanya zai cika alkawarin, in ba ya kwana a gari ya bar mutumin da ke tsoron Silver yana gadinsa ba? Jim ma ya ce duk sun ji daɗin rabuwa da shi da arha haka. Ɗaya ɓangaren za su ce mutanen sun gaji ne, sun yi kewar gari da abinci mai kyau, kuma ba mai hankalin da zai bar Silver kusa da dukiyar fam 700,000 da gangan. Ni ina tare da na farko, amma ina barin yaran su gama fafatawa kafin na faɗa.

Saura tambayar da littafin ya buɗe da ita ya kuma bar ta a buɗe. A jimlar farko Jim ya ce zai faɗi komai ban da inda tsibirin yake, domin akwai dukiyar da ba a kwaso ba. Sandunan azurfa ne da makamai, suna nan inda Flint ya binne su, ga kuma 'yan tawaye uku da aka bari a tsibirin da albarushi da magani da kayan aiki. Shin Silver ya koma? Sa yaro ya tara hujjar kowane gefe daga babi na 9 da na 11. Silver ya san lambobin wurin. Yana da fam 2,900 da ya tara, matarsa ta riga ta kwashe su daga banki, ta sayar da mashayarsa ta Bristol, tana jiransa a wurin da ya ƙi faɗa wa kowa. Kuɗin hayar jirgi ba zai gagare shi ba. Sai dai shi da kansa ya gaya wa Israel Hands cewa su sun iya riƙe akalar jirgi, amma ba mai iya lissafa hanya a cikinsu, shi ya sa ya so a bar Smollett da rai har a dawo rabin tafiya. In zai koma, sai ya sake nemo wani kyaftin mai ilimi ya yaudare shi, alhali mutum biyar da suka dawo Bristol sun san fuskarsa da sandarsa. Ku rubuta hujjojin a shafi biyu masu kallon juna, kowace da lambar babinta, sannan kowa ya sa hannu a ƙarƙashin shafin da ya gamsu da shi.